Gaisuwa da Addu'ar Yau da Kullum a Al'adar Yahudawa

1. Gabatarwa

Ibraniyanci da Larabci harsuna ne na reshen Samiyawa, Hausa kuwa ta reshen Cadi ce, amma duk ukun dangi ɗaya suka fito, wanda masana ke kira Afro-Asiya. Wannan takarda za ta duba kalmomin gaisuwa da fatan alheri na Yahudawa, da addu'o'insu na kullum, da kuma inda biyun suka haɗu.

2. Gaisuwa da Fatan Alheri

Uwar gaisuwa ita ce shalom, wato aminci. Saiwarta ɗaya da ta salam a Larabci, inda Hausa ta aro sallama. Cikakkiyar gaisuwa ita ce shalom alekem, a amsa da alekem shalom. Da safe ana cewa boker tob, a amsa da boker or, wato safiyar haske. Daga yammacin Juma'a zuwa Asabar ana cewa shabbat shalom, idan hutun ya ƙare a ce shabuwa tob, wato fatan mako mai kyau.

Wajen biki ko haihuwa ana cewa mazal tob, kamar barka. Marar lafiya ana yi masa fatan refu'a shelema, wato cikakken sauƙi. Mai yawan shekaru a yi masa fatan kaiwa 120, shekarun Annabi Musa a cikin Attaura. Wanda aka tambayi lafiyarsa yakan ce baruk hashem, ma'ana albarka ta tabbata ga Sunan, domin masu riƙo da addini ba sa furta sunan Allah a hira.

3. Addu'o'in Kullum

Addu'o'in yini uku ne: Shaharit da safe, Minha bayan rana ta karkata, sai Ma'arib da dare, kalmar da saiwarta ɗaya da magariba. Littafin Talmud ya kawo ra'ayi biyu kan asalinsu: ko dai daga Ibrahim da Ishaƙu da Yaƙubu, ko kuma a madadin hadayun Haikalin Ƙudus, wanda Rumawa suka rushe a shekara ta 70 Miladiyya.

Ƙashin bayan kowace addu'a shi ne Amida, wato tsayuwa. Ana yin ta a tsaye, ƙafafu a haɗe, ana fuskantar Ƙudus, da murya ƙasa-ƙasa. A ranakun aiki tana da albarkatu 19, ko da yake ana kiranta "sha takwas", don an ƙara ɗaya daga baya. Safe da dare kuma ana karanta Shema, shaidar kaɗaita Allah. Addu'ar jam'i ba ta tsayuwa sai da baligai goma. Ƴan gargajiya maza kaɗai suke ƙirgawa, wasu ɗariƙu kuwa har da mata.

4. Inda Gaisuwa ta Haɗu da Addu'a

Malaman Talmud sun ɗauki Shalom a matsayin ɗaya daga sunayen Allah. Saboda haka ba a faɗinta a makewayi ko gidan wanka, kuma ba a son mutum ya tafi ƙofar wani takanas ya gaishe shi da ita kafin addu'ar safe. Mai karanta Shema yana iya amsa gaisuwa tsakanin sassanta, amma mai Amida ba ya amsawa ko da sarki ne ya gaishe shi. Haka nan a kwana bakwai na zaman makoki ba a yi wa masu rashi shalom. Mai ta'aziyya yakan zauna shiru har sai su sun fara magana. Amida kanta da roƙon aminci ake rufe ta: mai addu'a ya ja da baya taku uku, ya rusuna hagu da dama da gaba.

5. Kammalawa

Mai koyon harshe da ya haddace kalmomin gaisuwa bai gama ba, sai ya san inda ake yin shiru. Baƙon da ya shiga gidan makoki da shalom, da kyakkyawar niyya, ya saɓa wa al'ada. Wannan ƙa'ida ta shafi mai koyon Hausa ma: sanin "sannu" abu ne mai sauƙi, sanin lokacinta da wanda ya kamata ya fara shi ne aikin.