Antigon, yarinyar da ta rufe gawar ɗan'uwanta

A ƙasar Girka, a birnin Atan, an yi wani mai tsara wasan kwaikwayo, sunansa Sofokul. Yau fiye da shekara 2400 ke nan da ya rubuta wani wasa mai suna Antigon. A zamanin nan a fili ake wasa, a gindin tudu. Ƴan kallo su zauna a jikin tudun, sahu bisa sahu. Maza kaɗai ke wasa, su ne kuma ke fitowa a matsayin mata. Akwai ƴan amshi masu waƙa.

Ga yadda labarin yake. A birnin Teb, ƴaƴan sarki biyu, Etiyokul da Polinis, suka yi jayayyar sarauta. Polinis ya tafi birnin Argos, ya ɗauko mayaƙa, ya zo ya kewaye garin haihuwarsa. Ƴan'uwan nan biyu suka haɗu a bakin ƙofar birni, kowa ya kashe ɗan'uwansa.

Kawunsu Kereyon ya hau sarauta. Ya yi doka: a yi wa Etiyokul jana'iza ta girmamawa, don ya kare gari. Polinis kuwa a bar gawarsa a fili, karnuka da tsuntsaye su ci. Duk wanda ya rufe shi, hukuncinsa kisa.

Mamatan suna da ƴan'uwa mata biyu, Antigon da Ismen. A addinin Girkawa na lokacin, rufe mamaci wajibi ne a kan danginsa, kuma sun ɗauka wanda ba a rufe ba ba ya samun hutu. Ismen ta ji tsoro. Antigon ta fita ita kaɗai, ta barbaɗa ƙasa a kan gawar. Dogarai suka kama ta. A gaban sarki ba ta yi musu ba. Ta ce dokar rufe mamaci ta riga dokar kowane sarki, kuma ba mutum ya kafa ta ba.

Kereyon ya sa aka toshe ta cikin kogo da ranta. Ɗansa Emon, wanda zai aure ta, ya roƙe shi, ya ƙi ji. Sai da wani tsoho makaho mai duba, Tiresiyas, ya gargaɗe shi, sannan ya sauko. Amma da-na-sani ƙeya ce. Kafin a buɗe kogon, Antigon ta mutu. Emon ya bi ta, uwarsa kuma ta bi shi. Sarki ya rage shi kaɗai, ga sarauta, babu iyali.

Wasan bai tsufa ba. A lokacin yaƙin duniya na biyu, sojojin Jamus suka mamaye birnin Paris, daga 1940 zuwa 1944. Wanda ya yi magana a kansu a fili, sai a kama shi. Wani Bafaranshe, Jean Anouilh, ya sake rubuta labarin Antigon da Faransanci. Jamusawa suka duba rubutun, suka ba da izni. Aka fara nuna shi a Paris a watan Fabrairu 1944, ƴan wasa suna sanye da tufafin zamani.

Mutanen da suka cika ɗakin kallo, da yawa suna da ɗa ko miji a tsare, wasu an kashe musu nasu. Da suka ga yarinya ta tsaya gaban mai iko ta ce a'a, wasu suka ga ƙasarsu a cikinta. Wasu kuma suka ga gaskiyar Kereyon, don shi ma yana da hujja: gari ya fito daga yaƙi, in kowa ya taka doka, tashin hankali zai dawo.

Anouilh ya ƙara wani abu mai nauyi. A wasansa, Kereyon ya faɗa wa Antigon asiri: gawarwakin biyu sun lalace a fagen fama har ba a gane su. Ya sa an ɗauki ɗaya an rufe, an bar ɗaya, shi kansa bai san wace ce ta wane ba. Ke nan mai mulki ne ya raba su, wannan jarumi, wannan maci amana. Mutuwa ba ta raba su ba.

Abin da ya sa ake komawa ga wannan wasa duk lokacin yaƙi ke nan. Yaƙi yana raba mutane gida biyu, namu da nasu. Wasan yana tuna wa ƴan kallo cewa wanda ya faɗi a kowane gefe, ɗan wata ne, ɗan'uwan wata ne.

Tambayoyi
1. Me ya haɗa Etiyokul da Polinis faɗa?
2. Wace doka Kereyon ya yi? Mece ce hujjarsa?
3. Don me Antigon ta taka dokar?
4. Me ya sa mutanen Paris suka ji wasan a ransu a 1944?
5. Hausawa sun ce ɗan'uwa rabin jiki. Ku nuna inda wannan magana ta fito a labarin.

Aiki
Ku kasu uku-uku: Antigon, Ismen da Kereyon. Ku kwaikwayi ranar da aka kawo Antigon gaban sarki, kowa ya kawo hujjarsa da bakinsa.