Abin da Duka Ke Fitarwa Daga Bakin Kamamme

Ranar 17 ga Yunin 2021 'yan bindiga suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, suka kwashe ɗalibai da malamai suka nausa daji. Wasu daga cikin 'yan matan ba su ga gida ba sai a 2023. Wanda ya san halin da iyayensu suka shiga ba zai raina tambayar nan ba: in sojoji suka damƙe ɗaya daga yaran Dogo Giɗe, jagoran 'yan bindigan, me zai hana a gana masa azaba har ya faɗi inda aka ɓoye yaran? Tambaya ce ta mai ciwo, kuma ta cancanci amsa ta gaskiya. Amsata ita ce bai halatta ba.

Malaman sira sun kawo wani labari daga jajibirin Badar. Sahabbai sun kama wasu bayi masu ɗebo wa Ƙuraishawa ruwa, alhali ransu yana kan ayarin Abu Sufyan. Da bayin suka ce su na rundunar Makka ne, sai aka doke su. Da duka ya yi zafi suka ce na Abu Sufyan ne, sai aka ƙyale su. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, yana salla a lokacin. Da ya idar ya nuna wa sahabban cewa suna dukan bayin ne a kan gaskiya, suna sakinsu a kan ƙarya. Daga nan ya tambaye su da kansa raƙuma nawa rundunar ke sokewa a rana. Suka ce wata rana tara, wata rana goma. Da wannan ya ƙiyasta cewa mayaƙan suna tsakanin 900 da 1,000. Tambaya mai hikima ce ta samo labarin da bulala ta kusa ɓatarwa.

Amurka ta koyi wannan darasi da jinin dubban mutane. Ibn al-Shaikh al-Libi, wanda ta miƙa wa Masar, ya faɗa wa masu azabtar da shi cewa Iraƙi ta horar da 'yan Alƙa'ida kan makamai masu guba. Sakataren Harkokin Wajen Amurka Colin Powell ya kai zancen gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya a Fabrairun 2003, aka shiga yaƙin Iraƙi, al-Libi kuma ya janye maganarsa a 2004. Wanda ake wa gwale-gwale abu ɗaya yake nema, wato kalmar da za ta sa a daina.

To amma ko da a ce azaba tana fitar da gaskiya wani lokaci, akwai abin da masu goyon bayanta ke tsallakewa. Suna zana mana kamamme wanda an riga an tabbata ɗan ta'adda ne. A fagen daga ba haka abin yake ba. Wanda ke shiga hannu sau da yawa makiyayi ne da aka tarar a hanya, ko ɗan acaɓa, ko mai shagon da aka tilasta masa sayar da burodi ga mutanen daji.

Ba sai mun yi nisa ba. A can kudancin tafkin Kainji, a barikin soja na Wawa da ke Jihar Neja, an fara shari'ar waɗanda ake zargi da Boko Haram a Oktoban 2017. Mutum 1,669 ake tsare da su a wurin. A zaman farko an gurfanar da 575, aka samu 45 da laifi, aka sallami 468. A tsaya a kan wannan adadi. Da an ba da lasisin duka tun ranar kamu, ga jikin wa bulalar za ta sauka? Masu kare haƙƙin ɗan'adam sun kuma koka cewa yawancin hukuncin ya dogara ne kacokan a kan amsa laifi. A arewa maso gabas kuwa, rahoton Amnesty International na 2015 ya ce sama da mutum 7,000 sun mutu a hannun soja tun daga 2011, barikin Giwa da ke Maiduguri na kan gaba. Kowane ɗayansu ya bar dangin da da wuya su sake tsegunta wa soja labari, alhali a wannan yaƙi babu makamin da ya kai bakin mutanen ƙauye.

Doka ba ta bar ƙofa ba. Sashe na 34 na kundin tsarin mulkin 1999 ya haramta azabtarwa. Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta ce yaƙi ko dokar ta-ɓaci ba uzuri ba ne, ta kuma tanadi ɗauri har na shekara 25. Sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana kotu karɓar iƙirarin da aka tatsa da ƙarfi, ma'ana mai duka yana iya kuɓutar da ainihin mai laifi da hannunsa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1984, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2001, ta ƙara da cewa umarnin na sama ba ya wanke kofur ɗin da ya ɗaga bulala.

Abin da ya rage shi ne aiki da abin da aka rubuta. Dokar shari'ar laifuffuka ta 2015 ta tanadi a ɗauki bayanin wanda ake zargi a bidiyo ko a gaban lauyansa. Ya kamata wannan ya kai har ɗakunan tsare mutane na barikoki, a rubuta sunan duk wanda ya shiga, likita ya duba shi, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa kuma ta iya shiga ba tare da ta aiko da sanarwa ba.