Riƙon ’Ya’ya Bayan Saki: Zancen Unguwa Daban, Hukuncin Alƙali Daban

A garuruwan Arewa da yawa, da zarar takardar saki ta shiga hannun mace, dangin miji sai su fara ƙirga watannin yaye. Abin da ya zauna a bakin mutane shi ne ɗa na uba ne, uwa ta shayar shekara biyu ta mayar wa mai shi. Wannan al’ada ce kurum, ba ta da gindin zama a gaban alƙali.

Kotunan shari’ar Musulunci a Najeriya da mazhabar Malikiyya suke aiki, littattafan da alƙalai ke buɗewa kuwa su ne irin su Risala da Muhtasar da Tuhfatul Hukkami. A cikinsu, riƙon yaro bayan rabuwa, wato hadana, haƙƙin uwa ne: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Masu cewa shekara bakwai ba da ka suka faɗa ba, akwai hakan a wasu mazhabobin, sai dai ba shi ne matsayin Malikiyya ba.

Inda jita-jitar ta taɓo gaskiya shi ne batun sabon aure. Idan uwa ta auri wanda ba muharramin yaron ba, kuma ta tare, haƙƙin yakan kuɓuce mata. Amma ba hannun uba yake faɗawa kai tsaye ba, kamar yadda maza da dama ke zato. Kakar yaron ta wajen uwa ce ke biye, sannan yayar uwa ko ƙanwarta, sai an gama da su ake waiwayar ɓangaren uba. Ita ma mai riƙon da sharaɗi a kanta: hankali, amana da mazauni mai aminci, don uba na iya kai ƙara in ya ga ana tozarta yaron. Abin da ba zai iya ba shi ne ya ce tunda an hana shi ɗa, ko sisi ba zai bayar ba. Ci da tufafi da kuɗin makaranta suna wuyansa gwargwadon ƙarfinsa, ko a gidan wa yaron yake kwana. Abin takaici, wannan ɓangaren ne ake saurin mantawa.

Cewa mace ba ta da hanyar fita sai miji ya ga dama, shi ma ba haka ba ne. Akwai hul’i, inda take fansar kanta, galibi da mayar da sadaki. Idan kuma ta tabbatar da cutarwa, kamar duka ko ƙin ciyarwa, alƙali na da ikon raba auren ba tare da ta biya komai ba. Tabbatarwar ce aikin, domin kotu shaidu take nema.

Mai ciki fa? Saki yana hawa kanta, iddarta haihuwa, ciyarwa kuma tana kan mijin har ta sauka.

Ana kuma ruɗa Hisba da kotu. Hukumar Hisba ta Kano, wadda doka ta kafa a 2003, sulhu take yi tsakanin ma’aurata. Raba aure da tilasta hukunci aikin alƙali ne. Ba dole sai da lauya ake shigar da ƙara a kotun shari’a ba, wadda kuma ke son shawara ba ta da hali, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA na taimaka wa mata da yara kyauta.

Hukuncin ƙaramar kotu ba shi ne ƙarshe ba. Sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari’a hurumin duba shari’un aure, rabuwa da kula da ƙananan yara. Ɗaukaka ƙara tana da wa’adi, don haka duk wanda hukunci bai gamsar ba ya nemi kwafinsa wajen magatakarda tun ranar da aka yanke, ya kuma tambayi kwana nawa ya rage masa.