Bayani A Kan Fitilar Da Ke Tashi Sama

Ana sanad da Hakiman ƙasar Sabon Birni da Isa da Malamansu cewa ba kowace wuta da aka hango a sama da dare ce abin tsoro ba. Akwai wata fitilar takarda, asalinta ƙasar Sin, wadda akan kunna wa wuta a gindi. In iskar cikinta ta yi zafi sai ta tashi, ta bi iska jajur, ba ƙugi irin na jirgi.

Haɗarinta gobara ne. A Jamus, daren shiga shekarar 2020, irinta ta ƙone ɗakin birai a gidan namun dajin Krefeld.

Saboda haka a umurci Dagatai su kwantar wa talakawa da hankali, su kuma hana sakinta kusa da rumbuna, musamman da rani.