Ruwan asibiti da ciwon huhun Lijiyonela: ina gaskiya, ina jita-jita?

Duk lokacin da aka ji cewa wani asibiti ya rufe famfunansa saboda an gano ƙwayar cutar Lijiyonela, sai maganganu su yi yawa. Wani ya ce na'urar sanyaya ɗaki ce ta jawo, wani ya ce majinyaci ne ya shafa wa na kusa da shi, wani kuma ya yanke hukunci cewa asibitin ƙazami ne kawai. A cikin waɗannan maganganu akwai gaskiya, akwai rabin gaskiya, akwai kuma wadda ba ta da tushe. Rarrabe su yana da muhimmanci, domin a 2017 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta bayyana cewa cikin mutum huɗu da suka kamu da wannan ciwo a wurin jinya, ɗaya yana mutuwa. A wajen asibiti kuwa, kusan ɗaya cikin goma ne.

Duniya ta san cutar ne a 1976, bayan wani taron tsofaffin sojoji na watan Yuli a otal ɗin Bellevue-Stratford da ke Filadelfiya, inda mutum 221 suka kwanta, 34 suka rasu. A Janairun 1977 Joseph McDade na CDC ya gano ƙwayar. Da aka koma aka gwada jinin da aka adana tun 1965, sai aka ga ashe ita ce ta kwantar da mutum 81 a asibitin St. Elizabeths na birnin Washinton, ta kashe 14. Ke nan ta daɗe da sanin hanyar asibiti kafin a raɗa mata suna.

"Mai ciwon yana shafa wa na kusa da shi"

Wannan ba haka ba ne. Ƙwayar tana shiga huhu ne daga ruwa, ta cikin ƙananan ɗigo da ido ba ya gani, waɗanda ke tashi daga shawa, ko famfo mai ƙarfi, ko wata na'ura mai fesa ruwa. Abin da aka fi ambata a matsayin togaciya shi ne na ƙasar Fotugal a 2014, inda ake kyautata zaton wata uwa ta ɗauka daga ɗanta da ta yi jinya a ƙaramin ɗaki marar iska. Ƙarancin irin wannan ne ya sa aka buga labarin a mujallar likitoci. Saboda haka ba a killace mai wannan ciwo kamar yadda ake yi wa mai tarin fuka, kuma mai jinya ba shi da dalilin gudun ɗan uwansa. Idan mutum uku a ɗaki ɗaya suka kamu, ruwan da suke amfani da shi tare ne abin tuhuma.

"Na'urar sanyaya ɗaki ce ke kawo ta"

Rabin gaskiya ce. Manyan gine-gine suna da hasumiyar sanyaya ruwa a kan rufi, wadda ke fesa ruwa mai ɗumi cikin iska domin rage zafinsa. Irin wannan hasumiya ce ta jawo annobar babban asibitin Stafford a Ingila a 1985, inda fiye da mutum 20 suka rasu. Amma na'urar da ake liƙawa a bango ko a taga, da ta mota, ba sa amfani da ruwa wajen sanyaya iska, don haka ba su ne matsalar ba. Wadda ke buƙatar kulawa ita ce mai tankin ruwa a cikinta, wadda ake zuba wa ruwa tana hura iska mai laima: a riƙa zubar da ruwanta ana wanke ta.

Babban gyaran da aka yi wa wannan fahimta ya zo tun farkon shekarun 1980. A birnin Oksfod, a 1980, an sami ƙwayar a shawar ɗakin waɗanda aka yi wa dashen ƙoda. A 1982 Janet Stout da Victor Yu da abokan aikinsu suka nuna cewa a asibitin tsofaffin sojoji na Pittsburgh ƙwayar ta mamaye bututun ruwan ginin, musamman na ruwan zafi. Tun daga nan aka gane cewa a yawancin asibitoci bututun ruwan famfo ne mafarin ciwon.

"Shan ruwan ne ke kawo ciwon"

Ga mai lafiya, ruwan da ya wuce maƙogwaro ya sauka ciki ba ya jawo wannan ciwo. Haɗarin yana ga wanda ruwa ke sarƙewa ya gangara huhu: mai shanyewar ɓarin jiki, wanda bai gama farfaɗowa daga tiyata ba, tsohon da haɗiya ke yi wa wuya, da wanda ake ciyarwa ta robar hanci. Har ƙanƙarar da ake ba majinyaci ya tsotsa an taɓa samun ta da laifi, domin injin ƙanƙara yana ɗumama bututun da ke shigar masa da ruwa.

Akwai wata ƙofa da ba a cika lura da ita ba, wato kwalbar ruwan da iskar oksijin ke ratsawa kafin ta kai hanci, da na'urar shaƙa magani, da na'urar ƙara laima a ɗaki. Idan aka cika su da ruwan famfo, an kai ƙwayar har bakin huhu. A Nikosiya ta ƙasar Saifurus, a Disamban 2008, irin wannan na'urar laima ta sa jarirai 9 sun kamu a wani asibiti, 3 suka rasu. Ƙa'idar ita ce, kayan numfashi ba sa shan ruwan famfo, sai ruwan da aka kashe wa ƙwayoyin cuta aka rufe.

"Ruwa garau mai kulorin ba shi da matsala"

Ƙarya ce, kuma a nan ne lamarin ya fi zurfi. Lijiyonela tana zaune a koguna da tafkuna da danshin ƙasa, kaɗan kaɗan, ba kasafai take cutar da mutum ba. Tana shigowa gini cikin adadi ƙanƙani, sai ta sami abu uku: ɗumi, da ruwa mai kwanciya, da mafaka. Mafakar ita ce yauƙin da ke manne a cikin bututu, tare da tsatsa da laka a gindin tanki. A cikin wannan yauƙi akwai ƙananan halittu da ake kira amiba. Timothy Rowbotham ya nuna a 1980 cewa ƙwayar tana shiga cikinsu ta hayayyafa. Su kuma suna kare ta daga kulorin. Ruwan zai fito fes, ba wari ba launi, alhali cikin bututun maƙil yake.

Kulorin kuma ba ya daɗewa. Yana raguwa da zafi da tsawon zama, ya ƙare kafin ya kai famfon ƙarshe. Ɗakin da aka rufe wata uku, da banɗakin da ba a shiga, da guntun bututun da aka toshe bayan gyara aka manta da shi, duk gidajen ƙwayar ne. Birnin Flint na jihar Mishigan ya ga haka bayan ya sauya inda yake ɗebo ruwa a Afrilun 2014: cikin shekara biyu kusan mutum 90 suka kamu, aƙalla 12 suka rasu, kuma masu bincike sun danganta hakan da raguwar kulorin a bututun garin.

"Sanyi ne ke kawo ciwon huhu, ƙasar zafi ba ruwanta"

Wannan ƙwaya ɗumi take so. Tana hayayyafa tsakanin digiri 20 zuwa 45 a ma'aunin Salshiyas, ta fi jin daɗi wajen 35. Ƙasa da 20 tana kwanciya, a 60 kuma tana mutuwa cikin mintoci. Shi ya sa ƙa'idar Ingila ta ce a ajiye ruwan zafi a 60, ya iso famfon asibiti a 55, ruwan sanyi kuma kada ya haura 20. Duk wanda ya buɗe famfo da azahar a Kano ko Sakkwato ko Yamai cikin watan Afrilu ya san ruwan baƙin tankin da ke kan rufi ya yi nisa da digiri 20. A ƙara da ɗaukewar ruwa, da hitar da wuta ke barinta ta huce rabi da rabi, sai a ga duk sharuɗɗan sun cika. Zafin ƙasarmu dalili ne na ƙara sa ido.

"Ciwon huhu duk maganinsa ɗaya ne"

A'a. Ƙwayar tana ɓuya a cikin ƙwayoyin garkuwar jiki da ke huhu, inda dangin fenisilin irin su amoxicillin, har da ceftriaxone, ba sa cim mata. Magungunan da ke aiki su ne irin su azithromycin da levofloxacin, kuma likita ne zai zaɓa. Jinkiri shi ne ke kisa. Alamomin suna bayyana kwana 2 zuwa 10 bayan shaƙa, wani lokaci har 14: zazzaɓi mai tsanani, tari, ciwon jiki da haki, sau da yawa tare da gudawa da ruɗewar tunani. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne masu shekara 50 zuwa sama, masu shan taba, masu ciwon huhu ko ƙoda ko suga ko daji, da masu shan magungunan da ke rage garkuwar jiki. Babu allurar rigakafi.

"Asibitin da aka gano cutar shi ne mafi lalacewa"

Sau da yawa shi ne wanda ya nema. Ba a gane wannan ciwo da hoton ƙirji kaɗai, kuma ƙwayar ba ta tsirowa a gwajin majina na yau da kullum, sai an shuka ta a wani abinci na musamman mai gawayi. Gwajin fitsari yana da sauri, amma nau'i ɗaya kawai yake kamawa da kyau. Asibitin da ba ya yin ko ɗaya daga cikinsu zai iya shekara ashirin yana cewa bai taɓa ganin cutar ba, yana rubuta mamatansa a ƙarƙashin "ciwon huhu". Ma'aunin da likitoci ke bi mai sauƙi ne: wanda ya kwana 10 a jere a asibiti kafin alamomi su fito, ana ɗauka a can ya kamu, kuma ko mutum ɗaya ne ya isa a binciki ruwan ginin.

Abin da ke aiki

Wanke bututu sau ɗaya da ruwa mai tsananin zafi ko kulorin mai yawa yana rage ƙwayar, amma takan dawo cikin makonni ko watanni. Abin da ke ɗorewa shi ne tsari: a san taswirar bututun ginin, a cire waɗanda suka mutu, a riƙa sakin ruwan famfunan da ba a amfani da su aƙalla sau ɗaya a mako, a rufe tanki a yi masa inuwa a kuma wanke shi, a auna zafin ruwa da yawan kulorin a rubuta. A ɗakunan masu raunin garkuwa ana ɗaura matata mai ƙananan ƙofofi a bakin famfo. Wannan aiki ne na mai gyaran famfo da injiniya da ma'aikaciyar jinya da shugaban asibiti tare.

Mai jinya ma yana da nasa rabon. Ya tambayi wane ruwa aka zuba a kwalbar oksijin. Kada ya ɗura ruwa a bakin wanda ba ya iya haɗiya sai da izinin ma'aikata. Idan kuma majinyaci ya sami sabon zazzaɓi da tari bayan mako guda a gado, ko jim kaɗan bayan sallama, aka ba shi magani kwana biyu ko uku ba sauƙi, babu laifi a ce wa likita cikin ladabi: "Likita, ko an duba yiwuwar Lijiyonela?"