Amanar Da Ke Kan Mai Kemis: Abin Da Shari'a Da Doka Suka Ɗora Masa

A yankin Funtuwa da Malumfashi, da garuruwan da ke kewaye da su irin su Bakori, Ɗanja, Ƙafur da Ɗandume, damina lokaci ne na aiki tuƙuru, kuma lokaci ne na zazzaɓin cizon sauro. Manomin da jikinsa ya yi zafi ana tsakiyar noman masara ba kasafai yake tunanin bin layi a babban asibiti ba. Kemis ɗin bakin kasuwa yake nufa. Haka uwar da ɗanta ya kwana yana amai. Wannan ya sa mutumin da ke bayan kanta ya zama shi ne farkon wanda mara lafiya ke gani, sau da yawa kuma shi ne na ƙarshe. Rayukan bayin Allah ne ke ratsawa ta hannunsa kullum, don haka sana'arsa ta wuce saye da sayarwa, ta shiga babin amana wadda Allah Maɗaukaki ya yi umarni da a sauke ta a aya ta 58 cikin Suratun Nisa'i.

Kowa da iyakarsa

Dokar Najeriya ba ta ɗauki masu hulɗa da magani a matsayi ɗaya ba. Akwai masanin harhaɗa magunguna wanda ya yi digiri a jami'a, kamar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Akwai mataimakinsa da ya samu horo a kwalejin koyon aikin lafiya, wanda ke aiki ƙarƙashin kulawarsa. Sai mai kemis, wanda lasisinsa ya ba shi damar sayar da rukunin magungunan da ba sa buƙatar takardar likita, kuma a cikin kwalinsu na asali. Lasisin bai ba shi izinin yin allura, ko ƙarin ruwa, ko kwantar da mara lafiya ba. Hukumar PCN, wadda aka sabunta dokarta a 2022, ita ce ke sa ido kan waɗannan rukunoni uku, yayin da NAFDAC, da aka kafa a 1993, ke tantance ingancin maganin kansa.

Wasu na kallon waɗannan ƙa'idoji a matsayin takurawar gwamnati kawai. Alhali Shari'a ta riga doka faɗar haka. Abu Dawud da Nasa'i da Ibnu Majah sun ruwaito hadisin da ke ɗora lamuni a kan duk wanda ya tsoma hannu cikin aikin likitanci ba tare da an san shi da iliminsa ba. Malaman fiƙihu sun gina hukunci a kan haka: idan jahilcinsa ya jawo asarar rai ko gaɓa, kyakkyawar niyyarsa ba ta ɗauke masa alhaki. Saboda haka mai kemis ɗin da ya tsira wa jariri allurar da bai san awonta ba, ya saɓa wa hukuma, kuma ya ɗauki nauyin da zai amsa a gaban Ubangijinsa.

Jarrabawar da aka yi a zamanin Abbasiyawa

Sa ido kan masu sayar da magani tsohuwar al'ada ce a Musulunci. Ibnu Abi Usaibi'a, marubucin tarihin likitoci, ya kawo labarin Afshin, kwamandan yaƙin Halifa Mu'utasim. An ba shi shawarar ya gwada masu sayar da maganin da ke bin rundunarsa, sai ya aika a sayo masa wasu sunaye waɗanda ko kaɗan ba na magani ba ne. Wasu suka ce ba su san su ba. Wasu kuwa suka karɓi kuɗi, suka ɗebo abin da ke shagonsu suka miƙa. Na farkon aka bar su da sana'arsu, na biyun aka kore su. Daga baya littattafan hisba, kamar na Shaizari a ƙarni na 12, sun keɓe babi guda kan yadda muhtasibi zai riƙa binciken masu magani da gano algus ɗinsu.

Abin lura shi ne, waɗanda suka ci wannan jarrabawa sun ci ta ne da faɗin gaskiya cewa ba su sani ba. An ruwaito cewa Imamu Malik, wanda mutanen ƙasar nan ke bin mazhabarsa, an taɓa yi masa tambayoyi 48, ya amsa 32 daga ciki da cewa bai sani ba. Idan malamin Madina bai ji kunyar haka ba, babu dalilin da zai sa mai kemis a Malumfashi ya ji nauyin ce wa mai jego: wannan ya fi ƙarfina, a kai shi asibiti yanzu.

Ilimin da ya zama tilas

Ƙa'ida ce sananniya cewa bai halatta mutum ya shiga wani aiki ba sai ya san hukuncinsa. A wannan sana'a, mafi ƙarancin ilimi ya haɗa da sanin awo. Farasitamol da kowa ke ɗauka kamar alewa, babba ba ya wuce giram 4 a yini, kuma magungunan mura da yawa suna ɗauke da shi. Wanda aka haɗa wa biyu ko uku a ƙulli ɗaya yana iya lalata hantarsa bai sani ba. Maganin zazzaɓin cizon sauro da aka fi bayarwa yanzu ana shan sa sau shida cikin kwana uku, kuma da nauyin yaro ake auna shi. Yanka katin a sayar da rabi don kuɗin mai saye bai kai ba, tausayi ne a zahiri, amma yana barin cutar a jiki. Haka maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake sayar da ƙwaya biyu ko uku: yana koya wa cutar jure magani, cutarwar kuma ta shafi al'umma gaba ɗaya.

Sai ajiya. Akasarin magunguna an rubuta a kwalinsu kada zafinsu ya wuce digiri 30, wasu kamar insulin da allurar tsayar da jini bayan haihuwa sai a firiji. Maganin da ya wuni a faranti ana yawo da shi ranar kasuwa, ko ya shafe bazara ƙarƙashin rufin kwano, yana iya rasa ƙarfinsa tun kafin wa'adinsa ya cika. Sayar da shi, ko goge ranar ƙarewar wa'adi, ya yi daidai da labarin da Muslim ya ruwaito na mai hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa, Manzon Allah (SAW) ya zura hannu ya gano, ya kuma barranta daga mai algus.

Sai kuma inda ake sarowa. A 2008 maganin haƙorin yara mai suna My Pikin, wanda guba ta gurɓata, ya yi sanadin mutuwar yara aƙalla 84 a Najeriya. A 2022 kusan yara 70 suka rasu a Gambiya bayan shan gurɓataccen maganin tari. Irin wannan ne ya sa aka tilasta wa dillalan Sabon Garin Kano komawa cibiyar Dangwauro a 2024, inda hukumomi za su iya sa ido. Duba lambar NAFDAC, da riƙe rasit, da ƙin kayan da arharsu ta yi yawa, duk suna cikin sauke amana.

Fitinar maganin gajiya

Jarrabawa mafi girma a yankin noma ita ce 'yan ƙwadago masu neman abin da zai hana su jin gajiya. Tiramadol maganin ciwo ne da ba a bayarwa sai da takardar likita, kuma wanda aka amince da shi a ƙasar nan bai wuce miligiram 100 ba. Mai 200 ko 225 haramtacce ne a doka. Yana kama mai shan sa, yana jawo jijjiga, yana iya tsayar da numfashi. Maganin tari mai kodin kuwa gwamnatin tarayya ta haramta yin sa da shigo da shi tun watan Mayun 2018. Kare hankali na cikin manyan manufofin Shari'a biyar, kuma aya ta 2 ta Suratul Ma'ida ta hana taimakekeniya a kan saɓo. Cewa idan ban sayar ba wani zai sayar, ba uzuri ba ne da zai yi amfani ranar hisabi. Mai gonar da ke saya wa yaransa ƙwaya don su gama maimai da wuri, shi ma yana da kason zunubin.

Nauyin bai tsaya kan mai kanti kaɗai ba. Mai saye ya daina matsa wa mai kemis sai ya yi masa allura, ya kuma tambayi awo da wa'adi kafin ya tafi. Limaman Juma'a su sa wannan batu cikin huɗubobinsu kafin damina ta kankama, ƙungiyoyin masu kemis su tsawata wa baragurbin cikinsu, hukumomi kuma su kai bincikensu har ƙauyuka. Mai kemis ɗin da ya tsaya a iyakarsa, ya tura mara lafiya asibiti ko da zai rasa ciniki, yana cikin 'yan kasuwa masu gaskiya da amana waɗanda hadisi ya yi musu bushara da babban matsayi. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sanya albarka a halaliyarmu.