Shirinmu na Wannan Mako: Wace Irin Saba Ta Dace da Ƙaramin Ofis?

Yau maganar saba za mu yi, wato kwamfutar da ke riƙe fayiloli da manhajojin ofis, sauran kwamfutoci suna ɗauka daga gare ta.

Ku ɗauki ofishin wata ƙungiya a Gwandu, ko shagon buga takardu a Kalgo inda ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ke kai aiki. Kwamfuta biyar, firinta ɗaya, kowa na yawo da filas. Sai wani ya ce a sayo ƙatuwar saba tokumbo. Ni dai ba na ba da wannan shawara. Irin waɗannan injina don ɗaki mai sanyi aka ƙera su, kuma suna shan wuta ɗaruruwan wat dare da rana. Mu kuwa a Afrilu zafi yana wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu, wutar ma sai an ga dama. Wa zai sayi man janareta?

Abin da ya fi dacewa da mu shi ne ƙaramar kwamfuta ɗaya, mai RAM gigabait 16 ko 32, wadda sola da inbata za su iya ɗauka, sai a raba cikinta. Kamar gidan haya ne: gini ɗaya, amma kowa da ɗakinsa da makullinsa. Ɗaki ɗaya na fayiloli, ɗaya na manhajar lissafin kuɗi. In bairos ya shiga ɗaya, da wuya ya taɓa maƙwabcinsa.

Manhajar raba ɗakunan fa? Proxmox kyauta ce, ita na fi so. Mai Windows Pro yana da Hyper-V a ciki. VirtualBox ta koyo ce, ba ta ɗora ofis a kai ba. VMware kuwa, tunda Broadcom ya saye kamfanin a 2023, lasisi ya koma na haya, kuma farashin ba da naira ake yanka shi ba.

Wani zai ce, to Google Drive fa? Yana da kyau, sai ranar da netwok ya ɗauke ko data ta ƙare.

Amma fa ku ji: in gidan hayar nan ya rushe, duk ɗakunan sun tafi tare. Don haka duk Juma'a a kwafe komai a wani hadis na daban, wani amintacce ya tafi da shi gida, kada ya kwana a ofis. Lokaci-lokaci kuma a buɗe kwafin a tabbatar yana aiki.

Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.